Yadda ake ɗaura bel ɗin kujerar baya ba tare da ya shaƙe ka ba

Mutane da yawa sun ɗauka bel na direba ne da wanda ke gefensa, na baya kuwa kujera ta kare shi. A watan Satumban 2022 Cyrus Mistry, tsohon shugaban kamfanonin Tata na Indiya, ya rasu a hatsarin mota a hanyar zuwa Mumbai. Yana zaune a kujerar bayan Marsandi ne, ba bel. Shi da na gefensa suka rasu, biyun da ke gaba suka rayu. Idan mota mai gudun kilomita 50 a awa ta tsaya cak, jikin fasinja zai bugi abin da ke gabansa kamar ya faɗo daga tsayin mita 10. Abin da ke gaban nan kuwa mutum ne. Wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 2002, ya nuna haɗarin mutuwar na gaba da ya ɗaura bel yana ninkawa kusan sau biyar idan na bayansa bai ɗaura ba.

Masu ƙin ɗaurawa suna da hujja: yana cin wuya, yana matse ciki, wani lokacin ma ba a ganinsa. Duk suna da gyara.

Fara tono shi. A motocin Kwatano da yawa, ramin da ake zura ƙarfen bel ya shige ƙarƙashin kujera, ko mai ɗinkin rigar kujera ya rufe shi gaba ɗaya. Zura hannu tsakanin mazauni da majingina ka jawo shi, in ta kama a huda rigar. Ramin na tsakiya yakan bambanta da na gefe. Idan ka zura ba ka ji ya yi ƙas ba, ba nasa ba ne.

Gwada lafiyarsa. Jawo bel ɗin a hankali, sannan ka fizge shi da ƙarfi. Ya kamata ya ƙame nan take. Idan bai ƙame ba, ko ya zazzage, ko ya yanke a gefe, sai canji. Kada a kai wa tela ko mai gyaran takalmi ya ɗinke, ɗinkin ba zai riƙe nauyin mutum ba. Wanda yake komawa da kasala, yawanci datti ne: a jawo shi duka, a maƙale, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu mai sauƙi, ban da bilic, a bari ya bushe sarai a inuwa.

Zauna sosai, sannan ka ɗaura. Nan ne aikin yake. Bayanka ya jingina, kada ka zame gaba. Ɓangaren ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, dab da cinya, ba a kan tumbi ba. Ƙashi yana iya ɗaukar bugu, hanji da hanta ba sa iyawa. Wanda ya zame a zaune yakan sulale ta ƙarƙashin bel, bel ɗin ya nutse masa a ciki. Ɓangaren sama ya bi ta tsakiyar kafaɗa ya ratsa ƙirji. Warware shi idan ya murɗe, ka ja na kafaɗar sama don na ƙugun ya kama. Masu babbar riga su tattara ta sama tukuna, kada tulin yadi ya shiga tsakanin bel da jiki. Shadda za ta ɗan yamutse, gaskiya ne, amma guga ai ba ta ƙare ba.

Idan yana cin wuya, matsa kaɗan zuwa tsakiyar mota, ko ka sauke madaidaicin da ke jikin ginshiƙin ƙofa in motar tana da shi. Abu biyu ne ba a yi: sa shi ƙarƙashin hammata, da tura shi bayan baya. Na farko yana karya haƙarƙari, na biyu yana barin kai ya tafi ya bugi kujerar gaba.

Idan ya kulle yana ƙara matse ka, ba lalacewa ya yi ba. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka suna da makullin riƙe kujerar jarirai, wanda ke kamawa da zarar an jawo bel har ƙarshe. Kwance shi, ka bari ya koma gaba ɗaya, ka sake ja ba tare da ka kai ƙarshe ba.

Mai juna biyu ta sa na ƙasa a ƙarƙashin cikin, na sama ya bi tsakanin ƙirji ya kauce wa cikin ta gefe. Yaro kuwa, don manya aka auna bel; a Ingila doka ta ce sai ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135 kafin ya bar kujerar ƙarin tsayi, wato ƙaramar kujerar yara da ake ɗorawa a kan ta mota don bel ya yi masa daidai. Gwajin gida: idan ya jingina gwiwarsa ba ta lanƙwasa a bakin kujera ba, bai isa ba, matashin kai kuma ba ya maye gurbin kujerar ƙarin tsayi don zamewa yake yi. Kada a rungumi yaro a cinya a ɗaura bel ɗaya su biyu, nauyin babban ne zai danne shi.

Tsofaffin motoci suna da bel na ƙugu kaɗai a tsakiya. Ya fi babu, amma in akwai gurbi a gefe, can za a zauna.

Bel ɗin da ya riƙe mutum a hatsari mai ƙarfi ya gama aikinsa, ko da ido bai ga komai ba, don zarensa ya riga ya miƙe. In za ka sayi na hannu a kasuwannin kayan gyaran mota irin su Ƙofar Ruwa ko Fanteka, jawo shi har ƙarshe ka duba: wurin da ya yi sheƙi ko ya taurare kusa da ƙarfen alama ce daga motar da ta yi karo aka ciro shi.