Yadda nake gwada maganar Aristotle da duwatsu biyu

Kowace shekara, kafin mu shiga dokokin motsi na Newton, nakan fita da ɗalibaina bayan aji da duwatsu biyu. A nan Damagaram dutse ba ya wuyar samu.

Ka samo ɗaya kamar ƙwan zabo, ɗaya kamar dunƙulen hannu. Kada ka sake su tukuna, fara tambayar yara wanne zai riga taɓa ƙasa. Yawanci za su ce babban. Kada ka gwale su, domin abin da Aristotle, masanin Girka na zamanin da, ya koyar ke nan, aka riƙe shi kusan shekara 2000. A ganinsa, abubuwan duniya daga ƙasa, ruwa, iska da wuta suke, kowanne na neman mazauninsa, shi ya sa dutse ke sauka, hayaƙi ke tashi.

Kifa babban faranti a ƙasa, ka hau tebur, ka sake su lokaci guda. Ƙara ɗaya za a ji, kwal! Wannan shirun da ke biyo baya nake jira duk shekara.

Wani yaro zai ce, "Malam, takarda fa?" Saki ta a buɗe, ta yi ta lilo. Dunƙule ta, ta faɗi kusan tare da dutsen. Iska ce ke tare ta, kamar yadda Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya bayyana a littafinsa na 1638. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka sauka tare.

Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, yi gwajin takardar cikin aji.