Yadda Za Ka Zaɓi Kalmar Turanci Ga Mai Saɓa Alkawari Da Maci Amana

A ƙauyukanmu na ƙasar Gumel, duk wanda ya yi sakandare shi ake nema idan ƙungiyar manoma za ta rubuta takardar koke da Turanci zuwa banki ko ƙaramar hukuma, kuma a irin waɗannan takardu ne na fi ganin ana ɗora wa mutum kalmar da ta fi laifinsa nauyi. Na taɓa karanta wata da aka kira mai tarakta "traitor" a cikinta, alhali iyakar abin da ya yi shi ne ya ce zai zo huɗa ranar Asabar, bai iso ba sai Talata. Abin ya dame ni ƙwarai, domin wannan kalma a Turanci ta maci amanar ƙasa ko jama'arsa ce.

Kafin ka ɗora alƙalami, fara tantance ko gazawa ce ko kuwa da gangan aka yi. Wanda ba ya cika alkawari, ba don mugunta ba sai don sakaci ko haɗa ayyuka da yawa, shi ne "unreliable", kuma har injin ban-ruwa mai yawan mutuwa ana kiransa haka. Idan maganar ta kai ga hali, wato mutumin da ba za ka ba shi ajiyar kuɗin adashi ka yi barci ba, sai ka ce "untrustworthy". Mai tauye mudu, ko dillalin da ya sayar maka da sa ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ya ɓoye ainihin cinikin, "dishonest" ne. Ɗan damfara kuwa "fraudster" ne, amma ka yi hattara da ita a rubuce, domin zargin aikata laifi ce, kuma idan ba ka da hujja za a iya maka ka kotu kan ɓata suna.

Daga nan sai ka duba ko da ma akwai amana a tsakani. Ba a cewa baƙo "disloyal", sai yaron gida ko aboki ko ɗan ƙungiya da ya juya baya. Aikata cin amanar shi ne "betray", cin amanar ƙasa kuma "treason". Ɗan siyasar da ya sauya sheƙa don abin duniya ana ce masa "turncoat". Akwai kuma "quisling", wadda asalinta sunan Vidkun Quisling ne, ɗan ƙasar Norwe da ya haɗa kai da Jamusawa lokacin da suka mamaye ƙasarsa a 1940, aka yanke masa hukuncin kisa a 1945. An fi faɗinta ga mai taimakon maƙiyan da suka mamaye ƙasarsa.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe shi ne fassarar "munafuki". A bakinmu kalmar ta haɗa mai gulma da mai haɗa faɗa da mai fuska biyu, amma Bature ya rarraba su. "Hypocrite" shi ne mai hana abu yana aikatawa a ɓoye. Wanda zai yi maka dariya a dandali, kana tashi ya ci namanka, "two-faced" ne, idan kuma ya kai ga cutar da kai ta bayan fage, ya zama "backstabber". Mai kai-kawo da zance "gossip" ne. Abokin da ba ka ganinsa sai bayan girbi, rumbu na ƙarewa ya ɓace, shi ne "fair-weather friend". Kalmomin "two-faced" da "backstabber" na hira ne, ba su dace da takardar hukuma ba.

Ta fuskar nahawu, suna irin su "traitor" yana buƙatar "a" kafinsa, sifa kuwa ba ta buƙata, saboda haka "he is a traitor" amma "he is unreliable". Ana cewa "disloyal to his friend", sannan "he betrayed me" kai tsaye, ba tare da wata kalma a tsakani ba.

Takardar mai taraktar nan sai da muka sake ta, muka rubuta ranar da ya yi alkawari da ranar da ya zo da adadin kuɗin da ya karɓa, sannan muka ƙare da "he has been unreliable this season".