Darasi na 9: Sayen kalifar birki ga tsohuwar jif

A ajinmu na dare a Aboabo akwai wani dattijo direba. Yana da tsohuwar Land Cruiser, da ita yake bin hanyar Techiman zuwa Tamale, wani lokaci har Bawku. Wata rana ya shigo aji ransa a ɓace. Ya ce motar tana janye shi dama, in ya tsaya kuma tayar gaba tana ƙauri. Ya kai hannu kusa da wili, zafi ya kore shi. Makanikensa, wanda a nan Kumasi muke ce wa fita, ya leƙa ya ce, "Alhaji, kalifa ce ta cije." Daga nan muka samo darasin yau.

Kada sunan ya ruɗe ka, ba halifan shehi ake nufi ba. Kalifa ƙarfe ce mai kama da muƙamuƙi, tana rungume da faifan birki a bayan taya. In ka taka birki, man birki ya tura fistan da ke cikinta, fistan ya tura fad, wato takalmin birki, fad ya damƙe faifai, sai mota ta tsaya. Tsofaffin motoci masu jan ƙafa huɗu da yawa, kamar Hilux, a gaba kawai suke da kalifa. Na bayansu birkin ganga ne, wanda ake kira dorom.

Kafin ka fitar da ko sidi ɗaya

Ba duk tayar da ta yi zafi ba ce laifin kalifa. Tiyon roba da ke kai mata mai yakan ruɓe ta ciki, ya bar mai ya shiga, ya hana shi komawa. Gwajin ba wuya. A ɗaga motar da jak, a tokare ta da kyau, a taka birki a saki. In taya ta ƙi juyawa, makanike ya ɗan kwance nonon fitar da iska da ke jikin kalifa. In mai ya feso taya ta saku nan take, a fara zargin tiyo. In ta ci gaba da riƙewa, to fistan ne ya yi tsatsa. Kuɗin tiyo bai kai na kalifa ba ko kusa.

Na Alhaji fistan ne. Motar da ke ratsa ruwa da taɓo da damina, in robar da ke kare fistan ta yage, ruwa ya samu ƙofa.

Sunan mota ba ya isa

Alhaji ya aiki ɗansa Suame Magazin, kasuwar kayan mota ta Kumasi, da kuɗi a aljihu da magana ɗaya a baki: "Kalifar Land Cruiser." Yaro ya dawo da kalifa mai ƙyalli, an wanke ta fes. Aka zo ɗaurawa ba ta dace da faifai ba, wili ma ya ƙi zama. Dalili kuwa shi ne, ƙirar da ake kira 80, wadda aka yi daga 1990 zuwa 1997, ba birki iri ɗaya gare ta ba. A 1992 an ƙara girman birkin gaba, kuma babban yana son wili mai inci 16. Motar Alhaji 80 ce ta kafin wannan canji, wilinta inci 15. Suna ɗaya, kama ɗaya, amma kama da wane ba ta wane. Mai shago kuwa ya ce kaya ya riga ya fita, sai da aka yi ta kai da kawowa kafin ya yarda ya canja.

A nan ne karatunmu yake da rana. Kowace mota tana da lambar shasi. Tana kan ɗan farantin ƙarfe a ɗakin inji ko a jikin ƙofa, an buga ta a kan shasin kansa, tana kuma cikin takardun mota. Da yawa haruffa da lambobi 17 ne, ko da yake motocin da aka yi don kasuwar Japan tasu ta fi gajarta. A cikin mai 17 ɗin ba a sa harafin I ko O ko Q. Saboda haka in ka ga da'ira, sifili ce. Kwafe ta a takarda, ɗaya bayan ɗaya, ka sake dubawa. Sannan ka sa tsohuwar kalifar a buhu ka tafi da ita. Tana da nauyi, tana ɓata riga, amma ita ce shaidarka.

A gaban mai shago, ajiye tsohuwa kusa da sabuwa. Ƙirga fistan. Na gaban Land Cruiser da Hilux mai jan ƙafa huɗu, fistan huɗu ne, biyu ta kowane gefe, kuma kalifar a kafe take. Wasu motocin kuwa fistan ɗaya ko biyu ne ta gefe guda, kalifar tana zamewa a kan ƙusoshi biyu. Gwada tazarar ramukan noti. Duba faɗin bakin, don faifai mai ramukan shan iska a tsakiya ya fi marar rami kauri. In wani ya ce maka, "Alhaji, ɗauki babba, ta fi kamu," kada ka biye masa. Fistan da ya fi naka girma yana shan mai da yawa, sai ka ji ƙafarka ta nutse kafin birki ya kama.

Sai hagu da dama. A wasu za ka ga harafin L, wato hagu, ko R, wato dama. Hagun wanda ke zaune a kujerar direba ake nufi, ba na mai tsaye a gaban mota ba. In babu harafi, dubi nonon iska: in an ɗaura, dole ya kasance a sama. Iska sama take hawa. In aka juya, nono ya koma ƙasa, ko kun wuni kuna famfo birki zai zauna laɓo-laɓo.

Wace za a saya?

A Magazin, kamar a Abossey Okai ta Accra, za a nuna maka sabuwa ta kamfani, da sabuwar kwaikwayo, da ta hannu da aka ciro daga motocin waje, wadda ake kira hom-yus. Mutanenmu suna son hom-yus, kuma sau da yawa ƙarfenta na asali ne. Amma ƙarfe ne ya yi ƙarko, roba ta tsufa tare da motar da aka ciro ta. Ɗaga robar ka leƙa fistan. In ka ga ramuka-ramukan tsatsa, ajiye. In nonon iska ya karye a ciki, ajiye.

Ni a ganina, in jikin kalifarka bai tsage ba, ramin fistan bai ci ba, gyaranta da sababbin robobi da fistan ya fi sayen wadda ba ka san tarihinta ba. Ko me ka zaɓa, a yi wa hagu da dama tare. Sabuwa a gefe ɗaya, gajiyayya a ɗaya gefen, mota za ta fizge ka ranar da akuya ta faɗo titi.

Ka tsaya a kan aikin. Kada yaron shago ya wanke robobi da fetur ko ya shafa musu giris na inji, kumbura suke yi. Karanta murfin tankin man birki, za ka ga irin man da motar take so: DOT 3 ko DOT 4. DOT 5 wani iri ne daban, ba a haɗa su. A buɗe sabuwar kwalba a gabanka, don man birki yana tsotsar laima in ya zauna a buɗe. Bayan an fitar da iska, taka birki sau da yawa har ya yi tauri, ka gwada a hankali a cikin layi kafin ka hau babban titi.

Aikin gida

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: birki, faifai, fistan, tiyo, tsatsa. Rubuta L da R manya, ka sa ma'anar kowanne a ƙarƙashinsa. Sannan ka nemi izinin mai mota a unguwarku, ka kwafo lambar shasinta, ka ƙirga haruffa nawa ne, lambobi nawa. Ka zo da takardar ranar aji mai zuwa, kowa zai karanta tasa a gaban allo.