Yadda Ake Kula da Yashi Mai Kauri a Akwatin Kifi Mai Tsirrai

Idan kaurin yashin ya kai santimita 8 zuwa 10, iska ba ta ratsawa can ƙasa. Datti ya ruɓe a wurin, sai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta taru, kuma tana cutar da kifi.

1. Duk mako ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Riƙe bakin tiyo dab da saman yashin, ya zuƙe kashin kifi da matattun ganyaye. Kada ka cusa shi ciki, saiwoyi za ka tsittsinka.

2. Ɗauki siririn tsinke ka soka a hankali inda babu tsiro. Za ka ga 'yan kumfa suna tasowa. In ka ji wari, ƙara canza ruwa nan take. Ka bi wuri kaɗan kowane mako. Birkita yashin gaba ɗaya shi ne babban haɗari, domin duk abin da ya taru zai fito lokaci guda.

3. Bayan wata uku, binne ƙwayar taki (takin tsirran akwatin kifi mai kama da ƙwayar magani) kusa da saiwar manyan tsirrai.

4. Rage abincin kifin. A ganina, yawancin matsalar daga nan take farawa.