Yadda ake ɓatar da mutum a bidiyo da waya kawai

Tun da na saki ɗan wasan da muka yi a bayan gari, inda aljani ya ɓace a gindin tsamiya, ake ta tambayata wai da wace kwamfuta na haɗa, har wani daga Ringim ya kira ni. Wallahi ba kwamfuta, waya ce da CapCut, manhajar haɗa bidiyo. Ga shi nan:

1. Kafa wayar a kan abu mai ƙafa uku. In babu, ɗora ta kan turmi ka tokare da dutse.
2. Danna fuskar wayar ka riƙe har haske ya kulle.
3. Fara ɗauka.
4. Ɗan wasan ya gama maganarsa ya tafa hannu sau ɗaya.
5. Sauran su ƙame a inda suke, shi kuma ya fice.

To a nan ake kwafsawa. Kar ka taɓa wayar, kar ka tsayar da ɗauka, ko ɗan motsi ta yi asiri ya tonu. Kuma ya yi nisa sosai, don mu sau uku muna maimaitawa saboda inuwarsa tana nan a ƙasa, na huɗu kuma akuya ce ta ratsa.

6. Bari ta ci gaba da ɗauka kamar daƙiƙa 5.
7. Shigar da bidiyon cikin CapCut.
8. Yanke daidai kan tafin.
9. Sake yankewa bayan ya fice.
10. Goge guntun tsakiya.
11. Ɗora ƙara a wurin yankan, ni bugun tasa na ɗauka da bakin wayar, ya fi na cikin manhajar daɗi.