"Jama'a", "Dattawa" da "Gayu": Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kiran Taron Maza da Mata

A wani taron iyayen yara na wata makarantar firamare aka miƙo mini lasifika in yi sanarwa. Na gyara murya na ce, "Dattawa, don Allah kowa in ya koma gida ya gaya wa matarsa ta riƙa shirya yara da wuri." Kafin in sauke lasifikar, wata baiwar Allah daga can baya ta ce, "To Malam, mu kuma wace matar za mu gaya wa?" Zaure ya kaure da dariya. Da na ɗaga kai na duba sosai, ashe mata sun fi maza yawa a wurin. Tun ranar nake kasa kunne ga yadda muke kiran taro, a wurin biki, a aji, a rediyo, har da zaurukan WhatsApp.

Mu Hausawa an rage mana aiki. Jam'inmu ba ya bambanta namiji da mace: "ku" ɗaya ne, "su" ɗaya ne. Balarabe yana da "antum" ga maza, "antunna" ga mata. Ɗalibin da ya koyi Faransanci a Maraɗi ko Damagaram ya san cewa in mata 99 suka taru da namiji 1, nahawu zai ce "ils", wato na maza. Mu kuwa "sun zo" muke cewa, shi ke nan. Saboda haka matsalarmu ba ta cikin "ku". Tana faruwa ne lokacin da muka bar "ku" ɗin, ko kuma a sunan da muka laƙaba wa taron.

A fara da "ku", a zame zuwa "ka"

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma mai yinsa ba ya ji. Mai sanarwa zai buɗe da "jama'a, sannunku da zuwa", jimla biyu a gaba sai ya koma "ka tabbata ka zo da katinka". Daga nan rabin zauren ya fita daga maganar. Haka ake gani a saƙonnin talla da ke shigowa waya, da takardun da ake mannawa a bango: "Ka yi rajista yau." Ita kuma fa?

Ɗan'uwan wannan shi ne "kowa ya". A nahawu babu laifi a ce "kowa ya ɗauki nasa" ga taron da ya gauraya, haka harshen yake tun kaka da kakanni. Amma na taɓa ji a wani asibiti ana ce wa layin masu awon ciki, "kowa ya riƙe katinsa a hannu." Babu namiji ko ɗaya a kan bencin. A nan "kowacce ta riƙe katinta" ita ce Hausa.

Gyaran ba ya buƙatar ƙirƙiro komai. A tsaya a kan jam'i har ƙarshe: "ku tabbata kun zo da katinku." Ko a yi amfani da "a" ɗin nan da ba ta nuna kowa: "a zo da kati", "a kashe waya", "kada a bar yara a waje". Wannan "a" dukiya ce. Tana da ladabi, ba ta nuna yatsa, kuma tsoho da yarinya duk suna shiga cikinta. Masu rediyo sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke cewa "masu sauraro". "Mai" da "masu" ba su san jinsi ba.

Sai dai kada a wuce gona da iri a taɓa karin magana. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa" haka za a faɗe shi ko a gaban mata zalla, kuma babu wadda za ta shafa haɓarta tana neman gemu.

Kalmomin da ake zaton sun haɗa kowa

"Dattawa" ita ta kayar da ni. Akwai dattijo, akwai dattijuwa, amma in aka ce "dattawan unguwa", abin da ke zuwa a ido shi ne masu rawani da furfurar gemu a ƙofar masallaci. "Magidanta" ma haka. "Samari" kuwa ba ta ma da shakka, ta maza ce. In ana son a haɗa da 'yan mata sai a ce "matasa".

"Alhazai" tana da fuska biyu. A labarai, in an ce alhazan Najeriya sun fara dawowa daga Makka, kowa ya san har da mata. Amma mai gabatarwa ya tsaya a wurin walima ya ce "alhazai, bismillah", za a ga hajiyoyi sun zauna suna jiran a kira su. "Abokai" ma kusan haka take: mace da mace ƙawaye ne, don haka "abokai" ita kaɗai tana karkata wajen maza, alhali "abokan aiki" da "abokan karatu" suna ɗaukar kowa ba tare da wani ya ji banbaraƙwai ba.

Sai "gayu", wadda ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Daga Turanci muka aro ta, kuma can ma tana da tarihi. Asalinta sunan mutum ne, Guy Fawkes, wanda aka kama a 1605 cikin makircin tarwatsa majalisar dokokin Ingila da albarushi. Aka riƙa yin mutum-mutuminsa da tsummoki ana ƙonawa duk ranar 5 ga Nuwamba, sunan ya koma na duk mai shigar ban dariya, daga baya a Amurka ya zama "mutum" kawai. Da yake Turancin yau "you" ɗaya gare shi ga mutum ɗaya da taro, sai Amurkawa suka cike giɓin da "you guys". Har yau suna jayayya a kai: wasu matan suna kiran junansu da ita, wasu kuma suna cewa kalmar maza ce aka yafa musu.

Wannan giɓin babu shi a Hausa, don haka "gayu" ba ta yi mana wancan aikin ba. A wajenmu ta rabu biyu. Akwai gayu na ado da tsafta, wanda kowa ke yi: ɗan gayu, 'yar gayu. Akwai kuma "gayu, ya ne?" ta majalisar samari, abokiyar "mazaje". Wanda ya rubuta "gayu, gobe akwai lacca" a zauren 'yan ajinsu yana ganin ya kira kowa, amma kunnen Bahaushiya ba lallai ya ji da ita ake ba. "'Yan aji" ko "jama'a" sun wadatar.

Cusa "maza da mata" inda ba a buƙata

Wasu kuma tsoron kuskure ya sa suna yin kishiyarsa. "'Yan'uwa" jam'in ɗan'uwa ne da 'yar'uwa baki ɗaya. Haka "iyaye", "'ya'ya", "yara", "ɗalibai", "malamai", "ma'aikata" da "bayin Allah". Ba su da gurbin da za a cike.

Ba ina cewa a daina faɗin "'yan'uwa maza da mata" ba ne. A buɗe jawabi girmamawa ce, kuma tana da tushe mai ƙarfi: aya ta 35 a Suratul Ahzab ta jero Musulmi maza da Musulmi mata, muminai maza da muminai mata, ɗaya bayan ɗaya. A faɗa sau ɗaya, kowa ya san an gan shi. In aka maimaita a kowace jimla sai ta zama kaya. Mafi muni shi ne rubutun nan mai karan tsaye, "shi/ita", "ka/ki", "ɗan/'yar". A takardar cikewa ta ofis ana iya haƙuri da shi. A saƙon gayyata kuwa, a gwada karantawa da ƙarfi a ji yadda harshe ke sarƙewa.

"Jama'a" ita ce ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin sha'awa, a nahawu tamata ce, muna cewa "jama'ar gari", "jama'a ta watse", amma ba a taɓa samun namijin da ya ce an cire shi ba.

An dace da jinsi, an ɓata a girma

Sau da yawa abin da ke ɓata wa Bahaushe rai wajen kira, shi ne matsayi. Malamin Islamiyyar matan aure ya ce "yara, ku yi shiru", alhali a ajin akwai mai jikoki. Ko mai gabatarwa ya ce "'yan mata, ku matso" ga matan da suka aurar da 'ya'ya. A irin wannan wuri "iyayenmu mata" ake cewa, ko "malamai". Haka in babban teburi ya haɗa shugaba mace da maza, "ranka ya daɗe" ta bar ta a waje. "Ranku ya daɗe" ta ɗauke su duka, in kuma ita kaɗai ake nufi, "ranki ya daɗe".

Da zangon karatu ya zagayo aka sake miƙo mini lasifikar, sai na ce, "Iyaye, don Allah a riƙa shirya yara da wuri." Baiwar Allahn nan tana wurinta na baya. Ta ce, "Yawwa Malam, yau har da iyaye maza za a tashi dama koko ke nan."