Darasi na 7: Katin Zaɓenka da Masu Neman Lambar da ke Kansa

Ɗauko katin zaɓenka ka duba shi da kyau. Za ka ga hotonka da sunanka da ranar haihuwarka da lambar rumfar da kake zaɓe, sannan akwai wata doguwar lamba mai haɗe da haruffa wadda ake kira VIN, wato lambar shaidar mai zaɓe. Waɗannan bayanai suna cikin rajistar hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, rajistar da a zaɓen 2023 ta ƙunshi mutum 93,469,008, kuma kafin zaɓe hukumar tana ba jam'iyyu kwafinta bisa doka.

To, idan jam'iyya tana da rajistar, me ya sa ake bin gida-gida ana neman kati?

Idan kakar zaɓe ta ƙarato a Jos, za ka ga saurayi ya yi sallama a ƙofar gida a Gangare ko Unguwar Rogo, riƙe da littafi mai layi-layi da biro, ya ce: "Inna, tallafi za a raba wa mata, ki kawo katinki da lambar wayarki da ta asusun banki in rubuta." Wani lokaci ma ya ce a bar katin a hannunsa zuwa jibi. A nan ne ake cutar talaka. Tun da aka fara aiki da na'urar BVAS, wadda ke tantance mai zaɓe da zanen yatsa ko da fuskarsa, wani ba zai iya jefa ƙuri'a da katinka ba. Wanda ya karɓe shi yana so ne ranar zaɓe ta zo ba ka da kati, ƙuri'ar unguwarku ta ragu. Shi kuwa mai rubuta lamba, sau da yawa tsoro yake sayarwa, domin ka ɗauka zai gano wanda ka zaɓa. Wannan ƙarya ce, kuma tana ba ni takaici saboda yawan dattawan da ta razana: takardar da kake dangwalawa ba ta ɗauke da sunanka ko lambarka. Dokar Zaɓe ta 2022 ta sanya saye da sayar da katin zaɓe cikin laifuffuka, ga mai saye da mai sayarwa.

Lambar BVN, wato lambar shaidarka ta banki, da lambar sirri ta katin banki kuwa ba su da wata alaƙa da zaɓe, kada ka ba kowa.

Game da maguɗi, ka sani cewa ana ƙirga ƙuri'u a rumfa a gaban jama'a, a rubuta sakamakon a takarda mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, sannan a liƙa sakamakon a wurin. Wanda ya iya karanta alƙaluma zai iya tsayawa ya kwafe su da hannunsa.

Aikin gida: rubuta sunanka da lambar rumfarka a littafinka kamar yadda suke a kati, sannan ka karanta wa na kusa da kai a aji. Lambar VIN ɗinka kada ka rubuta ta a nan.